Jibirilla Tela da Rigar Karammiski ta Italiya

A unguwar Badi'a da ke yammacin Riyad, in ka tambayi inda telan nan ɗan Nijar yake, ba wanda zai ce maka wanne. Shekara goma sha tara Jibirilla ya yi a shago ɗaya, kan kujera ɗaya, yana fuskantar bango ɗaya. Aikinsa rage tsawon tob, wato farar doguwar rigar mutanen ƙasar, da sauya wuyan da ya goge, da dasa maɓalli. Aikin halal ne, bai taɓa raina shi ba. Amma wanda ya san irin hannun da aka ɗora wa wannan aiki zai ce an ɗauki wuƙar fawa ana yankan kuɓewa da ita.

Mutumin Mirriya ne, garin tukwane da kasuwar Lahadi, nan kusa da Damagaram. Mahaifinsa maɗinkin manyan riguna ne irin na da, waɗanda ake haɗa siraran saƙi da ake kira ƙwarya, ɗaya bayan ɗaya, baki da baki, har su tashi riga. Jibirilla ya yi shekara shida a lakwal, wato makarantar boko, ya samo Faransancin da zai ishe shi gaisuwa da karanta takarda, sannan ya dawo kan tabarma ya ɗauki allura. Tsohon yana da wata ɗabi'a. In an kawo masa ɗinki ya duba, ba ya kallon gabansa, juya shi yake ciki waje. In ya ga zare na reto ko bakin ƙyalle a sake, sai ya miƙa maka kayanka ko uffan bai ce ba, kuma wannan shirun ya fi mari ciwo. Da wannan tarbiyya Jibirilla ya zo Saudiyya, kuma ita ce ta so ta mayar da shi gida ba shiri.

Abin ya faro ne da tsufan kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama, Abu Fahad, mai shagon. Ɗansa Turki ya karɓi ragama, ya dubi kekunan ɗinki uku da suka tsufa tare da masu su, ya ga wurin ya fi dacewa da gidan shan gahawa. Yaron kirki ne, bai yi ɓoye-ɓoye ba.

"Ya Jibril, wallahi kai kamar baffana ne," in ji shi. "Amma shago halas, ya ƙare. Wata biyu ya rage a iƙamarka, katin zamanka. Ka samo wanda zai karɓi kafalarka, in sa hannu a ranar. In ba a samu ba, sai huruj."

Huruj ita ce fita ta ƙarshe, wadda ba dawowa. Jibirilla yana da shekara hamsin da biyu, da tabarau mai kauri. Matarsa Balkissa tana Mirriya, 'yarsu Yusra kuma saura shekara biyu ta gama makarantar ungozoma a Damagaram. Ya san in ya koma yanzu, karatun nan zai tsaya a inda yake, ba wanda zai tallabe shi. Ya zagaya shagunan Naseem da na Aziziya, ko'ina samari ake so masu ɗinka tob arba'in kafin magariba. A dubi furfurarsa, a ce, "Mafi shugul, ya hajj," wato babu aiki, a haɗa masa da addu'a mai kyau. Sati biyar ya yi yana tara addu'o'i.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko, sai ga Hamissou, ɗan garinsu, direba a wani kamfani mai shirya wasanni a babban zaure. Hamissou irin mutanen nan ne da labari ke yi musu ƙaiƙayi, tun bai cire takalmi ba ya fara.

"Yaya Jibo, na samo maka ƙofa. Wasu Turawan Italiya na ɗauko daga filin jirgi, da akwatunan tufafi kamar masu ƙaura. Kamfani na neman tela na dindindin wanda zai riƙa kula da kayan wasa, mudir kuma, shugaban kamfanin, ya ce duk wanda tsohuwar da ta zo da kayan ta yarda da shi, shi za a karɓi kafalarsa. Ta kori biyu. Ba ta jin Larabci, Ingilishinta kuma kamar nawa, amma tana jin Faransanci."

"Wasan mene ne?"

"Opera suke ce masa. Wasan kwaikwayo ne, amma ba a magana, komai da waƙa ake faɗa. Na leƙa jiya. An soki wani da wuƙa, maimakon ya faɗi ya nemi gafara, sai ya dafe wurin ya yi waƙa ta kai minti goma."

Jibirilla ya ce shi ko da rawa suke mutuwa ba ruwansa, in dai rigunansu na yagewa.

Tsohuwar sunanta Madam Nerina. 'Yar gajeriya ce, busasshiya, da abin awo rataye a wuya kamar carbi, da idon da ba ya barin komai ya wuce. Ta dubi hannunsa kafin ta dubi fuskarsa. Ta ba shi wani hannun riga da ya ɓarke, ta tsaya a kansa har ya gama. Da ta ɗaga ɗinkin ta haska shi a fitila, sai ta ce, "Mushe Jibril, ka dawo gobe," wato Malam Jibril da Faransanci. Hamissou ya ce a bakin matar nan wannan kalma daidai take da kirari. Aka ba shi sati guda na gwaji, zuwa ranar Alhamis da za a yi gwajin wasa na ƙarshe.

Kwana biyun farko sun yi daɗi. Ɗakin tufafin yana ƙarƙashin dandalin, da sanyin na'ura da ƙamshin tsofaffin kaya, su biyu suna ɗinki suna gwama Faransancinsu mai ɗingishi. A nan ta buɗe waya ta nuna masa garinsu. Ɗan ƙaramin gari ne kusa da Parma, cikin shimfiɗaɗɗun gonaki, sunansa ya ƙi zama a bakin Jibirilla sai ya raɗa masa Mirriyar Italiya. Duk abin da garin ke taƙama da shi mutum ɗaya ne, wanda ya tsara kiɗan wasan da za su yi, ya kuwa rasu fiye da shekara ɗari. Ta nuna masa gidan da aka haife shi a wani ƙauye na kusa, tsohon gini mai gajeren rufi a bakin hanya, inda mahaifinsa ke sayar wa matafiya abin ci da sha. Ta nuna cocin da ya fara kiɗa yana yaro, da gidan gonarsa mai manyan itatuwa, da mutum-mutuminsa zaune a kujera a tsakiyar dandalin gari yana kallon masu wucewa. Sai ɗan gidan wasa mai kujeru wajen ɗari uku, kamar akwatin amarya don ado.

"Mutanen gari suka gina shi da sunansa," in ji ta. "An ce har ya mutu bai taka ƙafarsa ciki ba. Sun ɓata."

Jibirilla ya yi dariya har ya cire tabarau. "Ashe har a Turai, Madam, mutum ba ya shiri da 'yan garinsu in ya yi suna."

Hoto na ƙarshe na wata taga ce a saman gidan burodi. Nan ne shagon ɗinkin mahaifiyarta, wanda ta gada, inda ake ɗinka tufafin wasa ana ba da haya. Ba ta da 'ya'ya, kuma matasan garin, in ji ta, sun fi son aikin da ba ya cin ido. Jibirilla ya ji tausayinta ya kama shi, domin wannan kukan ya san shi.

Ranar Litinin ta buɗe wani akwati dabam, ta ɗauko riga da hannu biyu kamar mai ɗaukar jariri. Rigar sarkin wasan ce, ta jan karammiski mai duhu, mai kama ƙirji, da adon zaren zinariya a wuya da gaba. Mahaifiyarta ce ta ɗinka ta tun Madam tana 'yar shekara biyar. Ta nuna masa inda adon wuyan ya saki, ta ce ya kama shi. Iyakar abin da ta ce ke nan. Sannan ta fita taro da mudir, ta bar shi da rigar.

Ya kama wuyan cikin sa'a guda. Da nan ya tsaya, da labarin nan bai kai a ba da shi ba. Amma ɗan maɗinkin Mirriya ne, hannunsa da kansa ya juya rigar ciki waje. Abin da ya gani ya sa ya yi salati. A gefe biyu da tsakiyar baya, an bar rarar ƙyalle mai faɗin yatsa huɗu-huɗu tana reto, ba kalmasa, ba shafi, bakinta na zubar da zare, ga wasu rubuce-rubuce da tawada da suka dusashe, waɗanda ya ɗauka alamar masu wanki ce. Riga kamar ta sarki daga waje, ciki kuwa kamar hanjin akuya. Ya ji kunya ta kama shi a madadin tsohuwar. Ya ce a ransa, baiwar Allah ido ya yi rauni, ba ta da mai taimako, shi ya sa. Ga kuma dama ta nuna mata irin telan da ya zo gabanta. Ya ɗauki almakashi ya bi rarar nan ya yanke ta tas, tsiri shida dogaye, ya kalmashe bakin da ɗinki sirit, wanda ko tsohon Mirriya ba zai samu abin yin shiru a kai ba. Tsirin kuwa ya naɗe ya jefa a jakarsa, don tela ba ya zubar da karammiski. Ya rataye rigar ya tafi gida yana jin kansa kamar ango.

Washegari mai sa rigar ya iso daga Italiya. Sinyor Ottavio, ƙato ne mai fara'a, ƙirji kamar randa, in ya yi dariya kofin shayi na motsi a tebur. Ya zura hannuwa, rigar ta tsaya, maɓalli da ƙofarsa suna hangen juna da tazarar taƙi guda.

"Ba komai," in ji Madam Nerina. "Wanda ya sa ta bara siriri ne. Yanzu za mu sake ta."

Ta karɓa, ta ɗauko 'yar askar warware ɗinki, ta juya rigar. Jibirilla yana gefe yana jiran yabo, har ya gyara tsayuwa. Sai ya ga ta tsaya cak. Ta shafa gefe ɗaya, ta shafa ɗayan, ta shafa bayan. Fuskarta ta yi fari fat.

"Ina ƙyallen yake?" ta ce, murya can ƙasa.

"Na gyara miki, Madam. Ya yi muni ne."

Ba ta yi ihu ba. Da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta zauna a kan akwati ta yi masa bayani a hankali, kamar mai karanta hukunci. Rigar wasa ba ta mutum ɗaya ba ce. Bana siriri ya sa, baɗi ƙato, don haka ake barin rara a ciki, a saki in an so, a tsuke in an so, kuma ba a kalmashe ta don kada ta yi tudu ta nuna daga waje. Masu wannan waƙa kuma ba sa amfani da abin ƙara murya, da ƙirji suke cika zaure, in mutum ya ja numfashi ƙirjinsa na buɗewa yatsa uku. Rubutun kuwa ba na masu wanki ba ne. Sunan duk mawaƙin da ya taɓa sa rigar ne, da shekarar. Takwas na farko da hannun mahaifiyarta aka rubuta su.

"Ba ni da wata wasiƙa tata," in ji ta. "Ba ta iya rubutu sosai ba. Wannan ne kawai." Ta ɗago ta dube shi. "Ka tafi, Mushe Jibril."

Garin gyaran gira ya tsone ido. Ya fito cikin ranar Riyad mai dukan ƙeya bai ji zafinta ba. A tashar jirgin ƙasa ya zauna kan benci, jirgi biyu suka wuce bai shiga ba. Ba aikin kawai ne ya tsaya masa a wuya ba, ko da yake ya ga fuskar Yusra ƙarara. Abin da ya fi cin sa shi ne ya yi wa marainiyar tsohuwa ɓarna, ya kuma tsaya yana jiran ta gode masa. Ya sa hannu a jaka don ɗauko ruwa, sai ya taɓo laushin karammiski. Ya warware tsirin nan shida a kan cinyarsa, ya gyara tabarau, ya bi rubutun da karatunsa na lakwal, harafi bayan harafi. Suna goma sha huɗu, ba wanda almakashi ya ratsa. Ya daɗe yana kallon bakin yankan. Madaidaici ne, domin ko a ɓarna hannunsa ba ya karkacewa. Sai ya ga ashe abin da ke cinyarsa ƙwarya ce guda shida, siraran tsiri masu jiran a haɗa su baki da baki.

Hamissou ya tare shi a ƙofar zauren. "Yaya Jibo, don Allah ka rufa wa kanka asiri ka koma. Tana can tana ta waya, tana neman wata rigar ko ta aro. Mudir bai sani ba tukuna. In ka shiga, ni ma ka jawo mini."

"Ni na ɓata, Hamissou. Ko za a kore ni, sai na mayar mata da rubutun uwarta."

Ya shiga ya shimfiɗa tsirin a tebur, sunayen na sama. Madam ta ajiye waya. Ta ɗora yatsa a kan na farko.

"Zan mayar da su inda na cire su," in ji shi. "Ki ba ni zuwa Alhamis."

"Karammiski mai shekara sittin? In ka ɗora baki kan baki zai yi tudu, kuma faɗin zai ragu. In ka kafa wani ƙyalle a baya ya riƙe, to, mai yiwuwa."

"In na kafa ƙyalle a baya ya rufe sunayen."

Ta dube shi, dubawa ta farko tun safe. "To da me zai tsaya? Mutumin nan in ya ja numfashi ko buhu sai ya fashe."

Faransancinsa bai kai ya yi gardama ba. Ya zaro hankicinsa, ya raba shi biyu da almakashi, ya ɗauko zaren alharini ya goga masa kakin zuma, ya haɗa bakin biyu ba tare da ɗaya ya hau ɗaya ba. Allura na shiga nan ta fito can, ƙanana-ƙanana kamar ƙwayar gero, kowane ɗinki na huɗu da ƙullinsa. Ya yi minti ashirin yana ɗinki. Da ya gama ya miƙa wa Sinyor Ottavio, ya yi masa alama ya ja. Ƙaton ya naɗe hannun riga, ya ja, fuskarsa ta yi ja. Hankicin ya kece, amma can gefe, nesa da ɗinkin. Ottavio ya fashe da dariyarsa mai girgiza kofi, ya rungume Jibirilla har tabarau ya karkace.

Madam ba ta yi dariya ba. "Hankici sabo ne," in ji ta. "Alhamis bayan la'asar. In ta ɓarke a kan dandali, gaban mudir za ta ɓarke, kuma zan faɗa masa gaskiyar abin da ya faru."

"Haka ya dace, Madam."

Daga yammacin nan zuwa azahar ɗin Alhamis, in ka cire salla da barci, allura ba ta bar hannunsa ba. Tsohon karammiski ba hankici ba ne. Bakinsa na marmashewa, sai ya riƙa shigar da allura nesa da baki da faɗin zare uku, ba biyu ba, ba huɗu ba. Sau biyu ya kai rabin tsiri ya ga layin ya ɗan yi ciki, ya warware ya faro daga sama. Idonsa na ruwa, ya share ya ci gaba. Tunda za a saki rigar, layin haɗin zai fito fili, don haka ya aiki Hamissou kasuwa ya samo zaren zari mai ruwan zinariya, irin wanda ake yi wa wuyan bishti, alkyabbar Larabawa, ado, ya bi kowane layi da siririn surfani, ya kwaikwayi ganyen da ke wuyan rigar don kada sabon ya yi wa tsohon rashin kunya. Madam tana ɗaya gefen tebur tana nata aikin, ba hira, ba hoton gari. Ranar Laraba da rana dai ya ɗago ya tarar da kofin gahawa kusa da gwiwar hannunsa, mai ɗaci kamar maɗaci. Ya shanye duka, bai bar ko ɗigo ba.

Alhamis bayan la'asar aka kunna fitilun dandali. Mudir yana layin gaba da mutanensa. Jibirilla yana tsaye a bayan labule ta gefe, allura da jan zare soke a wuyan rigarsa, Madam tana kusa da shi ta harɗe hannuwa. Masu goge da masu busa sun fi hamsin a wani rami gaban dandali, suka tashi gaba ɗaya, bai ma ji su ba. Idonsa na kan haƙarƙarin Sinyor Ottavio, inda layin zari ke ƙyalli taku biyar daga inda yake.

Kashi na farko ya wuce lafiya, amma Madam ta raɗa masa cewa ba a zo wurin ba tukuna. Wurin yana kashi na biyu. Kowa ya fice aka bar sarkin shi kaɗai, kiɗa ya yi ƙasa. Ottavio ya fara a hankali, kamar mai magana da kansa. Jibirilla bai san kalma ɗaya ta Italiyanci ba, amma ya gane tsoho ne yake kukan abin da ya kuɓuce masa, kuma bai san sanda ya daina kallon ɗinki ya koma kallon mutumin ba. Wata irin kewar gida ta taso masa, ta Balkissa da ƙofar gidansu da shekarun da suka tafi yana fuskantar bango. Sai ya ji yatsun Madam sun damƙe masa hannu. Ottavio ya buɗe ƙafafu, ya ja numfashi, ƙirjin nan ya kumbura, karammiskin ya miƙe har ganyen zari suka baje. Jibirilla ya ce Hasbunallahu a fili. Muryar ta fita ta cika zauren har saman rufi, ta tsaya can, ta ƙi saukowa. Ya ƙirga bugun zuciyarsa ya kai goma sha biyar. Sannan ta sauko a hankali, ƙirjin ya koma, rigar ta bi shi ta kwanta lafiya lau.

Da aka tashi, Madam ba ta jira Ottavio ya huta ba, ta tuɓe masa rigar tun a bayan labule. Ta juya ta, ta bi layi shidan nan da farce, tana ja, tana haskawa. Ba zare ɗaya da ya motsa. Ta tsaya a kan rubutun mahaifiyarta ta daɗe, leɓenta na motsi. Sannan ta rungumi rigar ta nufi wurin mudir, ta yafito wani mai fassara, ta kuma yafito Jibirilla.

"Ka gaya masa," in ji ta, "shekara arba'in ina wannan aiki, ban taɓa ganin ɓarna irin wadda mutumin nan ya yi mini ba." Mai fassara ya juya da Larabci, mudir ya ɗaga gira. "Ka kuma gaya masa, daga garinmu har Parma ban san mutum ɗaya da zai iya gyara ta ba. Ya ɗauke shi. In bai ɗauka ba ni zan nema masa takarda, ya zo ya zauna a saman gidan burodi."

Mudir ya dubi rigar, ya dubi furfurar Jibirilla, ya yi murmushi. "Hat al-iƙama, ya ammi," in ji shi, wato kawo katin zamanka, baffa.

Turki ya cika alkawari, ya amince a ranar. Saƙon tabbacin sauya kafala ya shigo wayar Jibirilla ranar Lahadi da hantsi, yana ɗakin tufafi ana shirin wasa na biyu. Ya karanta sau uku. Ya kira Balkissa, ya ce ta gaya wa Yusra ta riƙe karatunta da kyau, ba inda za shi. Ta yi hamdala, ta fara tambayar yadda aka yi, ya ce labarin da tsawo, kuma ba duka ne zai yi mata daɗin ji ba.

Da ya ajiye wayar ya ɗauki allura zai zura zare, sai abin ya gagara. Hawaye ne suka cika tabarau. Ya gwada sau huɗu. Madam Nerina ta miƙo hannu ta karɓa, ta zura masa a tashi ɗaya, ta mayar masa, kamar ba ta ga komai ba. Ta ce in kaka ta yi ana bikin mutumin nan da ya tsara kiɗan wasan a garinsu, kuma tana da kujera biyu a ɗan gidan wasan, a sama ta gefen hagu, in mudir ya ba shi hutu. Sannan ta turo masa wata koriyar riga ta mai gadin fada, wadda aljihunta ya ɓarke.

"Aljihu kawai, Mushe Jibril."

"Aljihu kawai, Madam."

Ya kama aljihun ya gama. Hannunsa da kansa ya juya rigar ciki waje, ga rara nan tana reto ta ko'ina, bakinta na zubar da zare, almakashi kuma na nan kusa da gwiwarsa. Ya dube ta, ya haɗiye yawu, ya mayar da rigar daidai ya rataye ta yadda ya same ta.